Tsohon Jirgin Ƙungiya: Mu Sayar Da Kanmu Ko Mu Ba Dillali?

'Yan'uwa manoma na bakin Binuwai, daga Numan har Ibi, ƙungiyoyi da dama suna da jirgin katako mai inji na haye da shinkafa da masara. In ya tsufa sai gardama ta tashi a taro: mu nemi mai saye da kanmu, ko mu ba dillali?

A ganina a raba cinikin biyu. Jirgi daban, inji daban.

Jirgin kansa ba ya bukatar dillali. Mai sayensa yana nan kusa, masunci ne ko mai fito, wataƙila ma ya san jirgin tun yana sabo. Ku sanar a bakin ruwa ranar kasuwa. Ku bari sai damina ta kankama, ruwa ya cika, hanyoyin mota sun yanke, a lokacin ne jirgi yake da daraja. Ku jawo shi kan tudu, ku kife shi, mai saye ya ga gindinsa da idonsa. Inda katako ya ruɓe, da inda aka toshe da kwalta, ku nuna masa. Wannan ba maganar kuɗi kaɗai ba ce. A watan Mayu na 2021 wani jirgin katako cike maƙil da mutane ya tsage a kogin Kwara kusa da Wara, a Jihar Kebbi, mutane da yawa suka hallaka. Jirgin da ba zai ƙara ɗaukar mutane ba, a faɗa a gaban shaidu, ko da kuɗinsa zai ragu.

Inji kuwa, Yamaha ne ko wani, mai kuɗin sayensa yana iya kasancewa a Yola ko Makurɗi, ku ba ku san shi ba. Nan dillali yake da amfani, la'adarsa kuma halal ce. Amma a yanka ta tun da fari, sakatare ya rubuta. Dillalin da ya ce, "Ku faɗi kuɗinku, abin da ya hau nawa ne," kada ku yarda. A ce kun faɗi naira 600,000, shi ya sayar 800,000. Naira 200,000 ta wuce ke nan ba wanda ya sani.

Ranar sallamawa mutum biyu na ƙungiya su zauna a wurin, su ga mai saye. A rubuta lambar injin a takardar ciniki, a ba shi rasit na asali. Injin kuma ya zauna a hannun ma'aji sai kuɗi ya cika.