Kafin A Sauke Injin Tsohuwar Fijo

Duk wanda ya saba ratsa unguwannin Gaya, ko ya bi ta cikin garin Ajingi, zai iya tuna aƙalla gida guda da tsohuwar Peugeot 504 take girke a ƙofarsa ƙarƙashin darbejiya, tayoyi sun sace, an tallafe ta da duwatsu, kaji sun mayar da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Yawancinsu na tsofaffin ma'aikata ne: hedimasta, malamin gona, alƙali, ko akawun ƙaramar hukuma da ya karɓi bashin mota a zamanin da gwamnati ke bayarwa. Masu su sun kwanta dama ko ƙarfi ya ƙare, motocin sun faɗa hannun magada. A da zaɓi biyu ne a gaban magajin: ya bar ta rana da ruwa su cinye, ko ya kira 'yan gwangwan su sassare ta su auna a sikeli. Yanzu na uku ya shigo ta cikin wayoyin 'ya'yanmu. Sun ga matasan Amurka da Japan da Dubai suna cire injin tsohuwar mota su dasa wani mai ƙarfi ninki biyu ko uku, sai suka fara tambayar me zai hana motar Baba ita ma ta koma motar tsere.

Ba na cikin masu yi wa wannan buri dariya. Matashin da ke son ya kwance ƙarfe ya fahimci yadda yake aiki ya fi mini wanda ke zaune a majalisa yana lissafin motocin wasu. Kuma tarihin baka ya ce daga Gaya maƙeran nan Abagayawa suka tashi zuwa Dala neman tama, har aka ce sunan ɗayansu ne ya bi birnin Kano. Ɗan Gaya da sha'awar ƙarfe gado ya yi. Inda nake da ja shi ne ta inda ake faro shirin. Kusan kowa da inji yake farawa: wane iri, silinda nawa, nawa ake sayarwa a Ƙofar Ruwa. Alhali injin shi ne abin da ya kamata a saya a ƙarshe, bayan an gama amsa tambayoyin da motar da hanyar da aljihun suke yi.

Da farko ma, wanda ke son mayar da 504 motar tsere ya makara, domin tun asali ita ce. An fito da ita a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969. A 1975 Ove Andersson ɗan Suwidin ya lashe tseren Safari na Kenya da ita, tseren da ake yi cikin taɓo da ƙura da duwatsu, inda motoci da yawa ba sa ma kaiwa ƙarshe. A shekarar ce Hannu Mikkola ya ci na Maroko da ita. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya sake ɗaukar Safari, ya haɗa da na Kodebuwa, da samfurin nan mai ƙofa biyu da kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana, mai injin silinda shida. Gudun tsiya bai taɓa zama abin alfaharinta ba. Juriyar bodi da laushin ƙafafu a mummunar hanya ne suka ci mata waɗannan kofuna. Dalilin ke nan da ta karɓu a nan bayan masana'antar PAN ta Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci a 1975, kuma gwamnatin soja ta Obasanjo ta mayar da 504 motar manyan jami'anta. Turai ta daina yin salun ɗin a 1983, Kaduna kuwa ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000.

Injin da ke cikin mafi yawan waɗanda muka gada shi ne mai silinda huɗu, sisi 1971, wanda kamfanin ke kira XN1. Da kafireto yake shan mai, ƙarfinsa bai kai doki 100 ba, kuma a kishingiɗe yake zaune, an karkatar da shi digiri 45 don bonet ya kwanta. Abin da matasa ba su cika sani ba shi ne, silindojinsa hannun riga ne da ake zarewa. Idan sun cinye ba sai an kai bulo an gure ba. A sayo saitin fistin da silif da ringi, a sa sabbin metal da gasket, a wanke kan injin, sai ya tashi kamar jiya aka sauke shi daga Kaduna. Duk bakaniken da ya haura shekara hamsin daga Wudil zuwa Dutse ya yi wannan aiki har ya gaji. Da yawa daga injinan da ake cewa sun mutu, zama ne ya kama su, ko kafireto ya toshe da tsohon mai. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa, amma sai an buɗe tulun an duba.

To, a ce an duba, kuma mai mota ya dage sai ya canza. Kafin ya taka kasuwa, ya sa a ɗaga motar a shiga ƙarƙashinta da guduma da tocila. Motar da ta yi damina goma a tsaye tana iya yin kyau daga sama alhali tsatsa ta cinye daɓenta, da dogayen ƙarafunan da ke ɗauke da inji, da inda shokozoba ta gaba ke cizo. Salun ɗin 504 ba ta da shasi na daban irin na babbar mota. Bodin ne ƙashin bayanta. In ya ruɓe, kowane doki da aka ƙara wa inji yana ƙara tsaga shi ne. Walda da kabaid a bakin titi tana rufe rami, ba ta mayar da ƙarfi.

Sai kuma zaman injin kansa. Peugeot 504 da ƙafafun baya take tafiya, injinta a tsaye yake daga gaba zuwa baya. Injinan da suka fi araha a kasuwa, na Camry da Corolla da Golf, a gicciye suke zaune domin ƙafafun gaba suke ja, don haka juya su aiki ne da ya fi ƙarfin ƙaramin gareji. Waɗanda ke burge matasa, 1JZ da 2JZ na Toyota masu silinda shida a jere, ko 1UZ mai takwas na tsohuwar Lexus, sun dace ta fuskar alkibla, amma masu shidan dogaye ne masu nauyi, suna cinye wurin lagireto, mai takwas ɗin kuma faɗi ne da shi. Kwanon baƙin mai na baƙon inji sau da yawa yana faɗawa daidai inda ƙarfen gicciye da rak ɗin sitiyari suke. In aka ɗaga injin, bonet ya ƙi rufuwa. In aka sauke shi, kwanon ya kusanci ƙasa. Wanda ya san yashi da kwazazzaban hanyoyin ƙauyukan Ajingi da damina ya san abin da dutse guda zai yi wa kwanon da ya yi ƙasa da yatsa uku.

Akwai wata matsala da 504 ta keɓanta da ita, wadda bidiyon waje ba ya nunawa domin ba irin motarmu suke gyarawa ba. Farfelarta a cikin bututu take, kuma bututun a ɗaure yake da bayan giyabos da gaban difiransha, shi ke riƙe su a layi ɗaya. Wanda ya kawo injin Toyota da giyabos ɗinsa ya rabu da wannan bututu ke nan, dole ya ƙirƙiro yadda zai riƙe difiransha kada ta riƙa ɗagawa duk lokacin da aka taka totur. Wanda kuma ya bar giyabos na asali, BA7, sai ya sa a yanka masa farantin haɗi a gaban injin juya ƙarfe, kuma in aka kuskure tsakiya da ɗan abin da ido ba ya gani, kuloci da boris za su riƙa ci kowane wata. Ko an dace, wannan giyabos an yi shi ne don ƙarfin doki ɗari da 'yan kai. Kamfanin da kansa wani daban, BA10, ya sa wa manyan injinansa.

Injin zamani ba ya tafiya sai da kwamfutarsa, wadda kanikawa ke kira birenbos, da dukkan wayoyinta da na'urorin da ke gaya mata zafi da iska da juyin karanshaf. Wasu kuma a ɗaure suke da mukullin motar da aka ciro su. Babu mukullin, babu tashi. Mai sayen inji tsirara don ya fi araha zai yi wata shida yana zarya tsakanin Ƙofar Ruwa da Panteka ta Kaduna yana tsintar soket. Ga batun mai: kafireto ɗan turi kaɗan yake buƙata, nozul kuwa sai famfo ya matso mai da ƙarfin da ya kai wajen ba uku, fiye da ninki shida. Tsohon tiyon roba mai shekara arba'in ba zai ɗauki wannan ba, kuma fetur da ya yi feshi a kan salansa mai zafi ba ya jiran a nemo bokiti. Bari in ɗan ratse a nan in roƙi kanikawanmu su daina cire tamostat suna jefarwa da sunan ƙasarmu da zafi. Tsohon inji yana haƙuri da hakan. Na zamani kuwa kwamfutarsa za ta ɗauka har yanzu bai ɗumama ba, ta yi ta zuba masa mai. Maganin zafin Afrilu, lokacin da awo ke haura digiri 40, lagireto ne mai girma da fanka mai lafiya.

Duk wannan asarar kuɗi ce in an yi kuskure. Birki kuwa rai ne. Ɗaliban kimiyya na jami'ar Wudil za su tabbatar wa mai karatu cewa ƙarfin da ke cikin abu mai gudu yana ƙaruwa ne da gudun sau kansa. Motar da ke kilomita 140 a sa'a tana ɗauke da kusan ninki biyu na abin da take ɗauke da shi a kilomita 100, kuma birki ne zai shanye shi duka ya mayar da shi zafi. Manyan samfuran 504 sun zo da faifan birki a ƙafa huɗu, amma ƙananan, da wagon, da a-kori-kura, dirom ne a baya. A ɗora wa wannan ƙarin nauyi a hanci, da tayoyin Kwatano da ba a san shekarunsu ba, sannan a hau titin da ya taso daga Wudil ya bi ta Gaya zuwa Shuwarin, ranar Juma'a da yamma, lokacin da motocin shanu ke dawowa daga kara, babura ɗauke da mutum uku-uku suna tsallakawa, yara suna koro awaki a gefen kwalta. Wanda ya ƙara wa mota ƙarfin tafiya bai ƙara mata na tsayawa ba, ba kansa kaɗai ya sa a caca ba. A tsarin da nake ganin daidai, kuɗin birki da tayoyi da shokozoba da bushin ake fara warewa, kuma a yi aikinsu tun tsohon injin yana ciki.

Aljihu ma yana da bakin magana. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta taɓa 1,000. Sakin naira da aka yi a watan Yunin shekarar ya ɗaga farashin duk ƙarfen da ke shigowa ta teku. Inji mai lita uku ko huɗu ba ya tausayin albashin malamin makaranta. Sannan a tambayi kai: ranar da motar ta mutu tsakanin Ajingi da Gaya bayan magariba, wa zai tashe ta? Injin asali, filaya da sukundireba da ɗan guntun waya sun isa. Wanda aka dasa da kwamfuta sai an jawo shi Kano, wurin mutum ɗaya tak da ya san yadda ya haɗa wayoyin, in Allah ya sa bai tafi ci-rani ba. Shi ya sa nake ba da shawarar duk wayar da aka haɗa a zana ta a takarda, a ajiye kwafi a cikin motar.

Takardu kuma ba abin rainawa ba ne. Lambar inji tana rubuce a takardun mota, kuma doka ta buƙaci a sanar da hukumar lasisi idan an canza shi. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin da sunan shago, a je a gyara takardu kafin a hau titi. Injin da ba a san asalinsa ba yana iya zama na motar sata, kuma ranar da jami'an VIO ko 'yan sanda suka ɗaga bonet, wanda aka samu da kaya shi ne zai yi bayani.

In da ni za a tambaya, ga yadda zan jera su. A fara gyara na asali, a tuƙa motar wata uku a ji halinta. Da yawa daga nan za su ga sha'awar ta biya. In bai isa ba, a nema a cikin dangi. Peugeot 505 da ta fito a 1979 ƙanwar 504 ce, ƙafafunsu da tsarin farfelarsu kusan ɗaya ne. Giyabos ɗinta mai giya biyar kaɗai yana sauya tafiyar doguwar hanya, ya rage ƙara da shan mai. Injin 505 GTI mai lita 2.2 yana ba da doki wajen 130, ƙarin da bodi da birkin da aka gyara za su iya ɗauka. Mai silinda shidan nan da Peugeot da Renault da Volvo suka haɗu suka yi, wanda ya ci Safari, yana da daɗin ji a kunne, sai dai kayansa sun yi wuya a kasuwanninmu. Baƙon inji daga wani kamfani shi ne na ƙarshe, ga wanda ke da wata motar hawa, da bakanike mai awo da ma'auni, da haƙurin shekara guda.

Kowanne aka zaɓa, kada a yanka abin da ba za a iya mayarwa ba, kuma kada a sayar da tsohon injin ga 'yan gwangwan don a cike kuɗin sabo. Kaduna ba ta ƙara yin wani, kuma masu tara tsofaffin motoci sun fi daraja wadda lambar injinta ta yi daidai da takardunta na farko. A cire filogi, a zuba ɗan baƙin mai a kowace silinda, a toshe bakin kafireto da na salansa da tsumma mai maiƙo saboda ƙurar hunturu da zanzaro, a ɗora shi a kan katako a cikin zaure inda ruwa ba ya zuba, duk bayan wata biyu a sa sifana a juya karanshaf sau biyu ko uku.