Yaran da ake cinikinsu da baki: Jita-jita ta zama kasuwa a zari-rugar jami'o'in Amurka

Duk mai bin ƙwallon Turai ya san yadda gari ke ɗaukar zafi idan aka buɗe kasuwar 'yan wasa: wane zai tafi Madrid, wane ya ƙi sabunta kwantiragi, ƙungiya kaza ba ta da ɗan baya. Amurkawa ma suna da irin wannan kakar, sai dai tasu ta fi zafi a wasan zari-rugar jami'o'i, kuma waɗanda ake cinikinsu da baki yara ne 'yan shekara 16 zuwa 18 da ba su gama sakandare ba.

Wanda bai san ƙasar ba zai ɗauka wasan makaranta ne kawai. Filin wasan Jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum sama da 107,000, ya fi kowane filin ƙwallo a Turai girma. A jihohi irin su Alabama da Nebraska, inda babu ƙungiyar ƙwararru ta gasar NFL, ƙungiyar jami'a ce abin alfaharin kowa, daga gwamna har mai gyaran mota. Jami'o'i sama da 130 ne ke buga babban rukuni, kuma ɗan wasa ba ya wuce 'yan shekaru a makaranta, don haka kowace shekara sai an nemo sababbi. Daga nan cece-kucen ke farawa.

Magoya baya sukan zauna su baje sunayen 'yan ƙungiyarsu kamar mai lissafin bashi. Mai jefa ƙwallo zai kammala karatu bana, wa zai gaje shi? Ƙartin da ke kare shi saura uku masu ƙwari, ana buƙatar biyar. Wani yaro daga Texas ya kai ziyara makarantar abokan gaba, ya ɗauki hoto da rigarsu. Wani ya goge sunan jami'ar daga shafinsa na Instagram. Akwai ma masu bin diddigin jiragen sama na alfarma don su gano garin da koci ya sauka.

Akwai kamfanonin da wannan ne abincinsu. Rivals da 247Sports da On3 da ESPN suna auna yaran sakandare su ba su taurari, biyar ne ƙololuwa. 247Sports kan ba yara 32 taurari biyar a shekara, daidai da adadin waɗanda ake ɗauka a zagayen farko na zaɓen 'yan wasan NFL. Kamfanin yana da wani sashe mai suna Crystal Ball, inda wakilansa ke hasashen makarantar da yaro zai zaɓa, tamkar masu duba. Mutane na biyan kuɗi duk wata don su riga kowa jin raɗe-raɗin.

Ba laifi ba ne mutum ya so ƙungiyarsa har ya riƙa lissafa mata gurbin da take buƙata. Rabin daɗin wasanni a hira yake. Abin da ya canza shi ne hirar ta samu farashi, kuma ba masu yin ta ke biya ba.

Yadda kuɗi ya shigo

Shekaru da dama hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta haramta wa ɗalibi karɓar ko sisi bayan tallafin karatu, alhali jami'o'i da kociyoyi na kwasar miliyoyi daga gidajen talabijin. A watan Yunin 2021 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Alston, alƙalai tara duka suka ƙi goyon bayan hukumar. Daga 1 ga Yulin shekarar aka bar ɗan wasa ya samu kuɗi da sunansa da hotonsa, tsarin da ake kira NIL. Nan take attajiran tsofaffin ɗalibai da magoya baya suka kafa asusu-asusu na tara kuɗi domin jawo yara zuwa makarantunsu.

Kafin nan, a 2018, an buɗe rajistar sauya sheƙa, inda ɗan wasa zai sa sunansa idan yana son barin makarantarsa. Da, wanda ya sauya sai ya yi zaman shekara guda bai buga ba. An soke wannan sharaɗi ga sauyin farko a 2021, sannan a 2024 aka sake sassautawa ga masu sauyawa fiye da sau ɗaya. Sai kuma a watan Yunin 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun shari'ar House: za a biya tsofaffin 'yan wasa kimanin dala biliyan 2.8, kuma kowace jami'a za ta iya raba wa 'yan wasanta har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko.

An yi adalci da aka bar yaran su ci guminsu. Wanda ke karya ƙashi a fili a gaban mutum dubu ɗari ya cancanci rabonsa. Amma an buɗe kasuwa ba tare da an kafa mata sarkin kasuwa ba. Ba a bayyana ainihin abin da ake biyan kowa, don haka duk adadin da aka jefa a intanet shi ke zama gaskiya har sai wani ya ƙaryata. Dillali zai iya sakin labarin cewa wata makaranta ta taya yaronsa da miliyan uku don ya tayar da hankalin wata. Koci ma zai iya rada wa ɗan jarida cewa yaro ya cika kwaɗayi, don magoya baya su juya masa baya kafin ya tafi. Mai goyon bayan da ke yaɗa labarin yana ganin nishaɗi yake yi, bai san aikin wani yake yi kyauta ba.

Wanda aka yi wa ta leƙo ta koma

Labarin Jaden Rashada ya isa misali. Mai jefa ƙwallo ne daga Kalifoniya. A 2022 ya fara yi wa Jami'ar Miami alƙawari, daga baya ya juya zuwa Jami'ar Florida, bisa wata yarjejeniya da aka ruwaito ta dala miliyan 13.85 ta shekara huɗu da wani asusun magoya bayanta. Kafin ya taka fili yarjejeniyar ta rushe. A Janairun 2023 ya nemi a sake shi, ya tafi Arizona State, daga can ya wuce Jojiya, inda ya zauna a benci. A watan Mayun 2024 ya maka kocin Florida na lokacin, Billy Napier, da wani attajirin mai tallafa wa ƙungiyar a kotu bisa zargin yaudara, zargin da ba su amsa ba. A tsawon wannan lokaci, ga mafi yawan masu bin wasan, sunan Rashada bai wuce adadin kuɗin nan da bai shiga aljihunsa ba.

A Satumbar 2024 Matthew Sluka ya ajiye wasa a jami'ar UNLV bayan ya jagorance ta ta ci wasanni uku a jere, wakilinsa na cewa an yi masa alƙawarin dala 100,000 da baki ba a cika ba. Jami'ar ta musanta. Babu takarda, don haka kowa ya kama ɓangaren da ya yi masa daɗi.

Na Nico Iamaleava ya fi kowanne ƙura. Ya kai Jami'ar Tennessee gasar cin kofin ƙasa a 2024. A Afrilun 2025 aka fara raɗe-raɗin yana neman a ƙara masa kuɗi zuwa kusan dala miliyan huɗu, ya ƙi zuwa atisaye, cikin kwanaki kaɗan ya bar makarantar ya koma UCLA. Shi ya ce kusanci da iyalinsa a Kalifoniya ne ya mayar da shi gida. Ko gaskiya ya faɗa ko a'a, an riga an yanke masa hukunci a dandalin sada zumunta kafin ya buɗe baki, kuma waɗanda suka tsine masa su ne masu tafa wa kocin da ya tsallake zuwa wata jami'a saboda ƙarin albashi.

Wannan fuska biyun ita ce babbar matsalar. Idan koci ya bar yaran da ya shiga gidajen iyayensu ya yi musu alƙawari, sai a ce sana'a ce. Idan yaro ɗan shekara 17 ya canza shawara, sai a kira shi maci amana. Ranar 15 ga Disamban 2021, Travis Hunter, wanda ake ganin ya fi kowa a ajinsu, ya jefar da hular Florida State a gaban kyamara ya zaɓi Jackson State, ƙaramar jami'ar baƙar fata da Deion Sanders ke horarwa. Zagi ya yi ta sauka, aka yi ta yaɗa cewa an saye shi da miliyoyi, Sanders ya ƙaryata. Shekara uku bayan haka Hunter ya lashe kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i a Colorado, kuma shi aka ɗauka na biyu a zaɓen NFL na 2025. Shi ya tsira saboda baiwarsa ta fi ƙarfin surutu. Yawancin yara ba su da wannan garkuwar.

Taurari ba sa buga wasa

Masu kare kamfanonin auna yara suna da hujja. Idan aka duba jimilla, ƙungiyoyin da suka fi tara masu taurari huɗu da biyar su suka fi cin kofi, kamar yadda Alabama da Jojiya da Ohio State suka nuna. To amma jimilla daban, yaro ɗaya daban. Josh Allen ya gama sakandare babu babbar jami'ar da ta neme shi, sai da ya bi ta ƙaramar kwaleji yana aika wa kociyoyi saƙon roƙo kafin Wyoming ta ɗauke shi, ga shi ya zama gwarzon NFL na kakar 2024. Baker Mayfield ya shiga jami'a ba tare da tallafin wasa ba, ya ci Heisman a 2017. A ɗaya gefen, Texas A&M ta tara ajin da aka ce ba a taɓa ganin irinsa ba a 2022, har Nick Saban na Alabama ya zarge ta da sayen 'yan wasan. Kakar ta ƙare da nasara biyar da rashin nasara bakwai, da yawa daga yaran suka watse, a 2023 aka sallami koci Jimbo Fisher da diyyar sama da dala miliyan 75.

Matsin da tsarin ke ɗora wa yara ba sabo ba ne. A 2008 wani ɗalibi a garin Fernley na jihar Nevada ya tara 'yan makarantarsu da 'yan jarida, ya ajiye huluna biyu, ya zaɓi ta Jami'ar Kalifoniya ya bar ta Oregon. Daga baya ta bayyana babu ɗaya daga cikinsu da ta neme shi. An yi masa dariya a faɗin ƙasar, amma kaɗan ne suka tambayi abin da zai sa yaro ya gwammace ƙarya a kan ya ce ba a zaɓe shi ba.

Akwai kuma waɗanda ba a ko ambatar su a lissafin gurbi. Sulhun House ya ƙayyade 'yan wasa 105 a kowace ƙungiya, alhali da yawa sun saba riƙe fiye da haka. Waɗanda abin ya fi shafa su ne yaran da ke biyan kuɗin makarantarsu da kansu suna atisaye don son wasan. Sai da mai shari'ar ta matsa kafin aka yi sassauci ga waɗanda ke cikin ƙungiyoyin a lokacin. Duk sanda mai goyon baya ya ce a kawo sababbin 'yan baya uku, yana nufin a kori uku ke nan, kuma ba duk wanda ya sa sunansa a rajistar sauya sheƙa ke samun sabuwar makaranta ba. Ƙasa da kashi 2 cikin 100 na 'yan wasan jami'o'i ne ke kaiwa NFL.

Maganar ta shafi Najeriya ta wata fuska. Prince Tega Wanogho ya bar jihar Delta zuwa wata sakandare a Alabama da niyyar ƙwallon kwando, ya ƙare a zari-rugar Jami'ar Auburn. David Ojabo, haifaffen Najeriya, ya yi suna a Michigan. Masu farautar ƙarti masu tsawo da gudu sun san hanyar Afirka ta Yamma. Sai dai ɗalibin da ya shiga Amurka da bizar karatu ba shi da 'yancin yin aikin kuɗi yadda ɗan ƙasa ke da shi, don haka miliyoyin da ake yayatawa ba lallai su isa hannunsa ba. Iyayen da wani ya zo musu da irin wannan alƙawari su nemi takarda, su nemi lauya.

Gyaran da aka fara bai kai ko'ina ba. An kafa wata sabuwar hukuma da ke duba duk yarjejeniyar talla da ta kai dala 600, amma jama'a ba sa ganin alƙaluman, don haka jita-jita na nan da kasuwarta. Kamata ya yi a wajabta rubuta duk alƙawarin da aka yi wa yaro kafin ya sa hannu, a kuma hukunta makarantar da ta saɓa. Kamfanonin da ke sayar da hasashe su riƙa bambanta abin da suka tabbatar da abin da dillali ya rada musu. Dillalan kansu a sa musu linzami: a NFL ƙungiyar 'yan wasa ce ke ba wakili lasisi, kuma ba ya karɓar fiye da kashi 3 cikin 100 na kwantiragi. A jami'o'i babu ƙungiyar 'yan wasa, babu irin wannan iyaka, kuma wanda ke zaune a ɗaya gefen teburin sau da yawa bai kai shekarun yin zaɓe ba.