A Riƙa Tuntuɓar Masu Zanen Gini Kafin a Ba da Kwangila



Damina ta ƙarato, kuma kowa ya san abin da za mu gani: iskar farko ta yaye kwanon aji, ruwa ya kwanta a lungu, katangar ƙasa ta zube kan bayin Allah. Ambaliyar 2022 ta nuna wa Jigawa irin wannan asara. Mun yarda ƙaddara ce, amma fa akwai sakacinmu a ciki.

Ni kaina na taɓa raka 'yan kwamiti duba wani ginin aji a yankinmu. Tagogi sun kalli yamma, ba silin, kwano ya sauko ƙasa-ƙasa. A watan Afrilu, kafin azahar yara sun koma gindin bishiya. An kashe kuɗi, an yanka kyalle, an ɗauki hoto, aji kuwa ya zama tanda. Da na tambayi wanda ya zana ginin, sai ɗan kwangila ya yi dariya ya ce, "Shugaba, aji ai ba ya buƙatar zane."

To, nan gizo ke saƙar. Mai zanen gini shi ne ke duba ta ina iska ke shigowa, ina ruwa zai bi, wane tushe ƙasar wurin za ta ɗauka, da inda za a sa masai nesa da rijiya. Kakanninmu sun san darajar wannan ilimi, shi ya sa aka yi sarautar Sarkin Magina. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'ar Zariya a shekarun 1830, har yau masana na zuwa nazarin aikinsa. A Yama ta jihar Tawa a Nijar, magini Falke Barmu ya fara masallacin ƙasa a 1962 tare da mutanen gari, ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji, Mariam Issoufou da abokiyar aikinta sun mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa da maginan yankin, aka kammala a 2018. Duk a ƙasar Hausa ne.

Mu ma muna da mutane. Ga Kwalejin Hussaini Adamu a Kazaure, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura. Yaranmu da suka karanta zanen gini suna gida da takardunsu, ba ma neman su sai ranar manna fosta.

Shawarata ga shugabanninmu uku ce. Na ɗaya, kowane kwamitin ayyuka na ƙaramar hukuma a Babura, Kazaure, Roni da Gwiwa ya samu mai zanen gini ko injiniya, tare da dattijon magini. Na biyu, kafin a haƙa tushe, a kafe zanen aikin a ƙofar mai gari, mutane su gani su yi gyara. Na uku, kada a biya kuɗin ƙarshe sai masanin ya sa hannu.

Ku kuma masu zane, ku daina cewa siyasa ƙazanta ce. Ku zo taron mazaɓa, ku nemi kansila in kun ga dama. In kuka bar kujerar, wanda bai san faɗin kwalbati ba ne zai zauna a kai.

Allah Ya ba mu damina mai albarka.

Shugaban Matasa, daga Kanya Babba