Uban da Bai Ɓoye wa Ɗansa Bashi Ba

A shekarar 1552 wani malamin makaranta na birnin Basel a ƙasar Suwizalan, mai suna Tomas Platter, ya sallami ɗansa Feliks, yaro ɗan shekara 15, zuwa Monfeliye ta ƙasar Faransa domin ya karanci ilmin likitanci, ya kuma saukar da shi a gidan wani mai haɗa magunguna, bisa sharaɗin shi ma zai riƙe 'ya'yan mutumin a Basel. Tun daga ranar har shekara ta biyar, babu abin da ke sada uba da ɗa sai wasiƙa, wadda takan yi makonni a jakar fatake kafin ta isa.

Shi Tomas ya san kuɗin ilmi, domin da kiwon awaki ya fara a duwatsun Wale, sa'an nan ya yi yawon almajiranci a garuruwan Jamus yana bara, daga bisani ya koyi Ibrananci da Yunananci alhali yana sana'ar tufkar igiya. Saboda haka nasiharsa ba ta tsaya ga tsoron Allah da lizimtar darasi ba, ko da yake waɗannan ma suna nan. Yakan bayyana wa yaron bashin da ke wuyansa, da yawan likitocin da suka riga suka cika Basel, har wanda bai yi fice ba zai rasa abin kai wa baka.

A ganina, nan hikimar mutumin take. Mu a wurinmu kunya da kawaici sukan hana uba ya buɗe wa ɗansa cikinsa, sai ya sayar da gona a asirce ya aika da kuɗin makaranta, ɗan kuwa yana can yana zaton rijiyar ba ta ƙafewa. In ya yi sakaci, a ce ba shi da tausayi, alhali ba a taɓa sanar da shi haƙiƙanin al'amari ba. Na yarda cewa ɗora wa yaro irin wannan nauyi yana iya zama tsanani, kuma Tomas bai kuɓuta daga yawan matsa lamba ba, musamman da yake Feliks ne kaɗai ya rage masa bayan annoba ta ɗauke 'yarsa Ursula a 1551. Amma Feliks ya komo a 1557, ya karɓi ijazar likita a wannan shekara, a 1571 kuma hukumar Basel ta naɗa shi likitan gari.