Tukunyar Nukiliya a Kan Wata: Ina Za a Kai Zafin?

A watan Agusta na shekarar 2025 Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Amurka, wato NASA, ta ba da umarnin a shirya tukunyar nukiliya mai ba da kilowat 100 na lantarki domin girkawa a kan wata nan da shekarar 2030. Tun a shekarar 2024 Rasha ta bayyana cewa ita da Sin suna nazarin kafa irinta tsakanin 2033 da 2035. Hankalin jama'a ya karkata ga wanda zai riga wani, alhali abin da zai raba gardama shi ne lagireto.

Dalili kuwa shi ne, tukunyar nukiliya zafi take haifarwa, kuma kaɗan ne daga cikinsa ke komawa lantarki. SNAP-10A, wadda Amurka ta harba a shekarar 1965, ta haifar da zafin da ya kai wajen kilowat 30, amma lantarkinta bai kai kilowat 1 ba. A doron ƙasa kogi ko iska ke kwashe ragowar. A sararin samaniya babu ko ɗaya, haka ma a kan wata. Hanya guda ta rage: a bi da ruwa mai zafi ta bututu zuwa faffaɗan faranti, su kuma su watsar da zafin kamar yadda garwashi ke yi.

A nan ne gizo ke saƙa. Idan aka ninka zafin faranti sau biyu a ma'aunin Kelvin, abin da yake watsarwa kan ninku sau 16, saboda haka ƙaramin faranti ya wadatar. Sai dai gwargwadon zafin lagireto, gwargwadon raguwar lantarkin da inji ke bayarwa. In aka sanyaya shi kuma, sai girma da nauyi su ƙaru, ga tsadar harbawa. Kumbon da NASA ta tsara aikawa zuwa watannin Jupiter, wanda aka jingine a shekarar 2005, an yi masa lissafin faranti fiye da murabba'in mita 400.

Ruwan da ke cikin bututun ma ba abin wasa ba ne. Taurarin leƙen asirin teku na Tarayyar Sobiyet sun yi amfani da narkakken ƙarfe na sodiyam da fotasiyam, kuma a shekarun 1980 dubban ɗigonsa suka tsiyaye, har yanzu wasu na kewaya duniya a nisan kilomita 900 ko sama da haka.

A kan wata akwai ƙarin wahala: da rana ƙasar kan haura digiri 100, ƙurarta kuma tana manne wa duk abin da ta taɓa, wadda in ta lulluɓe faranti sai aikinsa ya ragu.