AN BAR JAKI ANA DUKAN TAIKI: RA'AYI A KAN KWAMFUTAR DA KE HAKI BA GAIRA BA DALILI

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya kai ajin ƙarshe ya san cewa a yau kwamfuta ta zame masa abin da alƙalami da tawada suka zame wa magabata. A cikinta kundin digirinsa yake, a cikinta hirarrakin da ya naɗo daga bakin dattawa suke, haka kuma waƙoƙin bakan da ya sha wahalar mayarwa a rubuce. To, akwai wata lalura da takan sami wannan na'ura, wadda kusan kowa ya taɓa gani, amma kaɗan ne suka san asalinta. Watau sai a ga kwamfuta ta ɗau zafi, fankarta tana kuka, murya tana sarƙewa in an kunna hira, rubutu yana tafiyar hawainiya, alhali kuwa ba a ɗora mata wani aikin a zo a gani ba. Da zarar an kai ta wurin gyara, hukunci biyu aka fi yankewa: ko dai a ce bairos ya shige ta, sai an goge ta kaf an sake zuba manhaja, ko kuwa a ce ta tsufa, a nemi wata. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a nuna cewa sau da yawa akwai gaggawa a cikin wannan hukunci, domin mai laifin yakan kasance can ƙasa, a jikin babban allon na'urar.

Su Wane Ne Ake Tuhuma?

Kafin a yi nisa, ya kamata a fayyace wasu kalmomi. Ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda ake kira furosesa, ita ce ke yin dukkan lissafi. Tana zaune ne a kan babban allo, wanda masu gyara ke ce wa bod, tare da sauran sassa, kamar na sauti da na intanet da na ajiya da ramukan USB. Kowane sashe da irin harshensa, saboda haka babbar manhaja, irin su Windows ko Linux, tana bukatar tafinta tsakaninta da shi. Wannan tafinta shi ake kira direba, kuma galibi kamfanin da ya ƙera sashen ne yake rubuta shi. Ƙasa da direbobi kuma akwai manhajar tushe, wadda aka dasa cikin wani ɗan guntun ma'aji a jikin allon. Ita ce aka sani da BIOS tun zamanin kwamfutar IBM ta 1981, kuma ko da yake tsarin UEFI ya gaje ta a na'urorin yanzu, tsohon sunan bai bar bakin mutane ba. Ita ke fara farkawa idan an kunna na'ura, amma aikinta bai tsaya a nan ba. Ta hanyar ƙa'idar ACPI, wadda kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar a 1996, ita ke gaya wa babbar manhaja yadda za ta tafiyar da lamarin wuta da batir da zafi.

Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Wahalar Banza

Duk lokacin da wani sashe yake da saƙo, sai ya katse wa ƙwaƙwalwa hanzari. Misalinsa kamar maigida ne yana aiki a cikin gida, aka yi sallama a zaure. Tilas ya ajiye abin da yake yi, ya fita ya amsa, sa'an nan ya dawo. Irin wannan sallama takan auku sau ɗaruruwa ko dubbai a cikin daƙiƙa guda, kuma ba ta zama damuwa, domin amsa kowace ɗaya ba ta cin ko kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Ta fuska biyu matsala ke ɓullowa. Ko dai direba ya cika dogon zance, ya tsare maigida a zaure, ko kuwa manhajar tushe ta kasa shaida cewa an amsa, sai sallama guda ta yi ta maimaituwa ba ƙaƙƙautawa. Ko wanne ya faru, aikin cikin gida ya tsaya.

Wannan lalura tana da alamar da ake gane ta. Idan aka buɗe Task Manager a Windows, za a tarar cewa ba wani shirin da mai kwamfuta ya buɗe ne ke cin ƙarfin ba, wani layi ne mai suna System interrupts, ko kuwa System. A na'ura mai lafiya wadda ba ta aikin komai, layin farko da wuya ya wuce kashi 1 ko 2 cikin 100. Bugu da ƙari, ƙwaƙwalwar zamani rabe take zuwa ma'aikata da dama, kuma irin wannan kira yakan taru a kan ɗaya daga cikinsu. Don haka in an ga adadi ya kafe a wajen kashi 25 a na'ura mai ma'aikata 4, ko kashi 12 zuwa 13 a mai ma'aikata 8, to ma'aikaci guda ne aka ɗaure tamau. Ruwa ba ya tsami banza.

Shaidu

Kada mai karatu ya ɗauka shaci-faɗi ne. A watan Maris na 2022, kamfanin AMD da kansa ya amsa cewa wasu kwamfutoci masu ƙwaƙwalwar Ryzen suna yin ɗif na ɗan lokaci a Windows 10 da 11. Dalili shi ne wani sashen tsaro na manhajar tushe, mai suna fTPM, yakan daɗe yana mu'amala da ɗan ma'ajin da ke jikin allo. Maganin da kamfanin ya bayar shi ne sabuwar BIOS, wadda ta fara fitowa a watan Mayu na wannan shekara. Haka kuma a 2025 wani mai bincike mai zaman kansa ya warware manhajar tushen wasu kwamfutocin ASUS ROG, ya nuna cewa an cusa umarnin jira a cikin shirin da ke amsa sallama, abin da ke sa na'urar ta riƙa sarƙewa lokaci-lokaci. Kamfanin ya ce zai bincika, daga baya kuma ya fara fitar da gyara. A duka biyun, da mutum zai goge kwamfutarsa sau goma, ciwon yana nan daram, domin gogewa ba ta taɓa ma'ajin da ke jikin allo. Ko da direba ne mai laifin, sau da yawa Windows takan sake ɗauko shi daga intanet bayan gogewar, a koma gidan jiya.

Matakan Bincike

A ganina, duk mai kwamfuta ya kamata ya san matakai biyar, kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kada ya sauya abu biyu a lokaci guda. Na farko, a cire duk abin da aka jona daga waje, a ga ko adadin ya sauka. A duba gudun ƙwaƙwalwa kuma, domin wasu kwamfutocin tafi-da-gidanka sukan rage shi ƙwarai idan ba su gane cajar ba, ko kuwa ƙurar hunturu ta toshe mafitar iska.

Na biyu, a tayar da Windows a yanayin Safe Mode, inda direbobin da suka zama dole kaɗai ke aiki. In haki ya tsaya a nan, to zargi ya koma kan wani direba ko shirin da aka ƙara. Na uku, a nemo sunan mai laifin. Shirin LatencyMon yana jera direbobi gwargwadon lokacin da kowanne ya tsare ƙwaƙwalwa. In ya nuna na intanet ko na sauti, sai a shiga Device Manager a dakatar da wannan sashe a gani, amma kada a taɓa sashen ajiya ko abin da ba a san aikinsa ba. In kuwa ACPI.sys ya nuna, to yatsa ya karkata ga manhajar tushe ko batir. Wata hanyar ita ce a tayar da na'urar da Linux daga filashi. Ciwon da ya bi na'ura har can, ba na Windows ba ne.

Na huɗu, a sauko da direbobin allo daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, daidai da lambar samfurinta. In kuwa ciwon ya fara ne bayan an sabunta wani direba, sai a mayar da tsohon. A guji shirye-shiryen nan masu alƙawarin sabunta kome da kome a taɓi guda. Na biyar, a mayar da saitin BIOS yadda ya zo daga masana'anta, bayan an rubuta yadda aka same shi. Sai duk waɗannan sun gaza ne za a yi batun sabunta ita kanta manhajar tushe.

Wani Hanzari Ba Gudu Ba

Mai gyara zai iya cewa gogewa ta fi sauri, kuma sabunta BIOS kasada ce. Maganarsa ta biyu gaskiya ce, ba a musu. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubuta manhajar tushe, allo zai iya mutuwa, garin neman gira a rasa ido. Mu da muke zaune inda wutar lantarki ba ta da alƙawari, kuma yawancin kwamfutocinmu na hannu ne masu raunin batir, mun fi kowa bukatar hattara. Ba kuma kowace sabuwa ce alheri ba. A watan Janairu na 2018, Intel ya nemi a dakatar da rarraba gyaran da ya fitar don toshe kafar Spectre, saboda gyaran yana sa wasu na'urori su riƙa sake tashi da kansu. Saboda haka kada a sabunta sai da dalili, sai da cikakken batir da caja a jone, sai an kwafe kundi a wani wuri, sai kuma an adana mabuɗin BitLocker in akwai, domin na'urar tana iya nemansa bayan sauyin.

Amma batun sauri, a nan ne ban yarda ba. Saurin da zai cinye wa ɗalibi hirar da ya yi da dattijon da watakila ba zai sake samu ba, kuma ya bar ciwon inda yake, asara ce kawai. Matakai ukun farko ba su cin ko sisi, ba su kuma goge ko harafi ɗaya.

Kamfanoni ma suna da nasu kason na laifi. Tun da Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na gama-gari a ranar 14 ga Oktoba, 2025, masu tsofaffin na'urori suna cikin tsaka mai wuya: ko su zauna a tsohuwar manhaja, ko su ɗora sabuwa a kan allon da maƙerinsa ya daina rubuta wa direba. Na'urar da ke da sauran ƙarfi ba ta cancanci a yi watsi da ita haka ba.

Kammalawa

A taƙaice, roƙona ga malamaina da 'yan'uwana ɗalibai shi ne mu ɗauki ɗabi'ar da ake koya mana a fagen nazari, mu kai ta kan na'urorinmu, watau a nemi hujja kafin a yanke hukunci. Duk wanda aka ce wa sai an goge kwamfutarsa, yana da haƙƙin ya tambaya: wane layi ne ke cin ƙarfin, kuma me aka gwada? Zai kyautu kuma ƙungiyar ɗalibai ta shirya 'yar bita a farkon kowace shekarar karatu, a koya wa masu shirin rubuta kundi waɗannan matakai da harshen Hausa, tare da ɗabi'ar ajiye kwafi a wuri biyu.