GYARA KAYANKA: Kafin a ce gas ya ƙare

A wannan fitowa za mu leƙa Zangon Kumasi a ƙasar Gana, inda wani magidanci daga unguwar Aboabo ya aiko mana da kuka. Ya ce na'urar sanyaya ɗakinsa, wato iyakwandishan, ta daina sanyi ana tsakar zafin watan Maris. Idan ya kunna ta, injin da ke waje sai ya yi gurnani na ɗan lokaci, sa'an nan ya yi shiru. Mai gyara na farko ya ce gas ne ya ƙare, ya ɗura, ya karɓi kuɗinsa, amma ba ta sauya zane ba. Na biyu kuwa ya ce kwamfiresa ce ta mutu, sai an sayo wata.

Malam, kada ka yi gaggawar kwance bakin aljihu. Da farko dai, gas ɗin wannan na'ura ba ya ƙarewa kamar na girki. Zagayawa yake yi cikin rufaffen bututu, ba zai ragu ba sai idan bututun ya huje. Duk wanda ya ɗura maka gas bai nemi inda yake zurarewa ba, ya zuba ruwa ne a kwando. Na biyu, gurnanin da ka ambata ya fi kama da ciwon wani ɗan ƙaramin abu da ake kira kafasita.

Kafasita wani ɗan gwangwani ne da ke cikin injin waje, tsawonsa bai kai taƙi ɗaya ba. Shi ne ke taimaka wa kwamfiresa da fanka su tashi, su kuma ci gaba da juyawa daidai. Idan ya gaji, kwamfiresa za ta yi ta yunƙuri ta kasa tashi, tana jan wuta fiye da ƙima, tana ɗaukar zafi, har makarin da ke jikinta ya yanke wutar. Wanda ya ci gaba da kunna ta a wannan hali, wata rana wayoyin cikinta za su ƙone ƙurmus. Ka ga abin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba ya jawo asarar abin da ya fi komai tsada a na'urar. Sau da yawa ido ma yana gane kafasitan da ya lalace: samansa ya kumbura, ko mai yana tsatsowa daga jikinsa. Amma tabbaci sai an auna shi da mita.

Ba banza ba waɗannan kayayyaki suke saurin tsufa a Kumasi. Wutar gida a Gana bolt 230 ce a ƙa'ida, sai dai da maraice, lokacin da kowa ya kunna kayansa, ƙarfinta kan ragu a unguwanni masu cunkoso. Mutanen Gana ba su manta da shekarun “dumso” ba, wato ɗauke wuta da kawo ta, abin da ya yi ƙamari a 2015. Kowace ɗaukewa da dawowa duka ce ga kafasita. Ga kuma ƙurar hunturu ta Disamba da Janairu da ke toshe ragar injin waje, zafi ya taru a ciki, Fabrairu da Maris su zo su iske shi a galabaice.

Ba kafasita kaɗai ke gajiya ba. Bakin waya, inda aka ɗaure ta da kusa, yakan yi sako-sako, kuma duk inda waya ta saki, nan zafi ke taruwa. Haka filogi da soket. Idan ka ga soket ya yi baƙi, ko ka ji ƙaurin roba, kashe wuta nan take. Yawancin gidajen Zango, daga Aboabo zuwa Asawase da Sabon Zango, gidajen haya ne na tsakar gida ɗaya, iyalai da dama ƙarƙashin rufi guda. An ja wayoyinsu tun zamanin da ƙwan fitila da rediyo ne kawai kayan wutar gida. Ɗora iyakwandishan a kan irin wannan waya ɗora wa tsohon jaki kayan raƙumi ne. Gobarar kasuwar Kejetia a 2023 da ta Adum a 2025 sun nuna yadda wuta ke gudu a wurin da jama'a suka cunkushe. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai abin da maigida ko uwargida za su iya yi da kansu. A wanke ragar tace ƙura ta cikin ɗaki a kai a kai. Idan aka ɗauke wuta, a kashe na'urar, in an dawo da ita a jira kamar minti 3 zuwa 5 kafin a kunna. A sayi ɗan akwatin nan mai tsare na'ura daga hawa da saukar wuta. A ja mata wayarta ita kaɗai daga allon rarraba wuta, da makunninta, da wayar ƙasa, kada a haɗa ta da dutsen guga a soket ɗaya.

Buɗe injin kuwa, a bar wa masu sana'a, domin ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Kafasita yakan riƙe wuta a cikinsa ko bayan an cire filogi, yana iya jan mutum har lahira. Idan mai gyara ya zo, ka tsaya a kansa. Ka nemi ya auna tsohon a gabanka, ya kuma sa sabo mai lamba daidai da wadda ke rubuce a jikin na farko: idan 35 ne, kada a sa 25 don shi ne a hannu. Ka karɓi tsohon ka ajiye. Sababbin na'urori masu inbata allon lantarki ne ke tafiyar da kwamfiresarsu, gyaransu sai wanda ya koye shi musamman.

Kumasi gari ne na masu aikin hannu, Suame Magazine kaɗai ta isa shaida. Amma aikin jan waya a gida, dokar Gana ta 2011 ta ce sai mai takardar shaida daga Hukumar Makamashi, don haka ba laifi ba ne ka ce a nuna maka kati. Ita ce kuma hukumar da ke tsare dokar da ta hana shigo da tsofaffin firji da iyakwandishan daga ƙetare. A yi hattara da kayan gwanjo, araha ba ta ado.

Ku kuma 'yan'uwa masu gyara, sana'arku amana ce. Maigida bai san abin da ke cikin injin ba, maganarku ya dogara da ita. Wanda ya faɗi gaskiya ya canja kafasita ya karɓi ɗan abin da ya samu, shi za a sake kira gobe, har a nuna wa maƙwabta gidansa.

Malam na Aboabo, a auna kafasita tukuna, mu kuma muna jiran labari. Allah Ya tsare mu da iyalanmu daga gobara da asara. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.